Uwar mijina ta dawo gidanmu, ni da maigida magana ta yanke: laifi ne in nemi a raba mana tukunya?

Ummu_Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon a yi mini adalci, a yi wa wadda zan yi magana a kanta adalci. Muna haya a Rigasa ta Kaduna, ɗaki biyu da falo, yaranmu biyu. Maigida shi ne babba a gidansu, kuma shi kaɗai ne namiji. Bara Allah ya yi wa mahaifinsu rasuwa, da Hajiya ta fita takaba sai ya ɗauko ta daga Funtuwa, saboda tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, ƙannensa kuma duk suna gidan aurensu. Ni da hannuna na gyara mata ɗakin yara, na yi mata maraba da zuciya ɗaya.

Yanzu makullin sito yana ɗaure a bakin zaninta. Ita ake bai wa kuɗin cefane, ita ke auna mini shinkafa da mai, har magi sai na je na tambaya. In ya dawo daga shago ɗakinta yake wucewa, can yake cin abinci, can yake hira, sai dare ya yi nisa ya shigo ya juya mini baya. Tana shigowa ɗakina ba sallama ko da muna kwance. In na tsawata wa yaro sai ta janye shi a gabana ta ce a daina takura wa jikanta. Ranar da na yi wa Abban Sadik magana a hankali, amsar da ya ba ni ita ce, "So kike in kori uwata?" Tun daga ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Tsakani da Allah ba ta taɓa zagina ba, kuma tana ƙaunar yaran nan. Ba korarta nake so a yi ba. Tambayata: laifi ne in nemi a raba mana tukunya, ko a sama mata wuri kusa da mu? Ƙawata ta ce in yi yaji ko zai dawo hayyacinsa. Iyayena ba su san komai ba tukuna.

Maman_Walida:
Wa alaikumus salam. Haƙuri dai 'yar uwa, haƙuri. Tsohuwa ce, ba ta daɗe da rasa mijinta ba. Ki ɗauke ta uwa, ki rufe ido a kan abin da kika gani, wata rana sai labari. Duk wadda kika gani a ɗakinta shekara talatin, da abin da ta haɗiye.

Zahra_Katsina:
Maman Walida, haƙurin ai shi take yi tun bara. Mu daina rufe wa mata baki da kalmar nan kafin su gama faɗin abin da ke cinsu. Ni a labarin nan ban ga babban laifin Hajiya ba. Mace ce da ta saba riƙe gidanta, aka kawo ta wani gida ba a ce mata ga naki ga na matar gida ba, sai ta ci gaba da abin da ta iya. Wanda ya kasa shi ne maigidan. Shi ya miƙa mata makulli, shi ya canza hannun cefane, shi ya daina cin abinci da matarsa. Da ya tsaya tun ranar farko, da duk wannan bai taso ba.

Ɗan_Kwari:
Ku ji tsoron Allah. Uwa fa ake magana. An tambayi Manzon Allah (SAW) wa ya fi cancanta da kyautatawa, ya ce mahaifiyarka har sau uku kafin ya ambaci uba. Mata ana sake wata, uwa ba a sakewa. Ta ɗauki cikinsa, ta shayar da shi, yau don ta riƙe makullin sito sai a kawo ta nan ana tattaunawa? Ni da matata ta ce mini a raba ta da uwata, ranar za ta kwana a gidansu.

Ɗalibin_Zaure:
Malam Ɗan Kwari, hadisin da ka kawo ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim, kuma aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ko "uf" a ce wa iyaye. Amma wa aka yi wa wannan umarni? Ɗa aka yi wa. Hidimar Hajiya wajibi ce a kan wanda ta haifa. Abin da matarsa take yi mata na girki da wanki da ɗauko magani kyautatawa ce, tana da lada mai yawa a kai, sai dai ba bashi ba ne da ake binta.

Game da tambayar Ummu Sadik kuwa, malamanmu na Malikiyya sun yi magana ƙarara. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu kuma alƙalai ke komawa gare shi, an ce mace tana da ikon ƙin zama wuri ɗaya da dangin mijinta. An yi togaciya, kamar idan tun wajen ɗaurin aure an gindaya sharaɗin za ta zauna da su, amma masu sharhi sun ce ko da sharaɗin, in cutarwa ta tabbata, ana raba su. Dalilin da suka bayar shi ne cutar da mace ke sha idan ana leƙa sirrinta. Saboda haka neman da take son yi ba saɓon Allah ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba ne.

Shiga ɗaki ba sallama ma Alƙur'ani ya yi magana a kai. A Suratun Nur, aya ta 58, har yaran gida an ce su nemi izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da lokacin hutun rana, da bayan isha'i. In yaro ƙarami an umarce shi da haka, ina ga babba. Wannan magana ɗanta ne ya kamata ya gaya mata cikin ladabi, ba suruka ba.

Amma samun haƙƙi daban, yadda ake nemansa daban. Kada ki je masa da "malamai sun ce", zai ji kamar kin kai shi kotu.

Ummu_Sadik:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Babu wani sharaɗi da aka yi lokacin aurenmu, a lokacin Baba yana da rai. Sai dai gaskiya maigida ba shi da halin biyan haya biyu, tun da aka cire tallafin mai a 2023 shagon ya ja baya, hayar nan ɗaya ma da kyar ake haɗawa. Wani abin da ban faɗa ba, ina da juna biyu wata 5. Hajiya ta riga ta ce ba inda za ni, ita za ta yi mini wankan jego da kanta.

Inna_Tudun_Jukun:
'Yata Ummu Sadik, ni uwar miji ce, kuma a gidan ɗana nake zaune, bari in gaya miki abin da Hajiyarku ba za ta iya buɗe baki ta gaya miki ba. Ranar da aka kwashe kayana daga gidan da na yi aure a ciki na haihu a ciki, na ji kamar an sauke ni daga zama mutum. A can ni ake tambaya me za a dafa, maƙwabta ni suke kawo wa ƙara, in an yi haihuwa a unguwa ni ake tasowa da dare. A nan kuwa ban san kowa ba, ɗaki ɗaya da tabarmar salla. In ba ɗana ya dawo ba, ba wanda zai zauna ya ji maganata. Makullin da kika ga ta ɗaure a zani, ba shinkafar take so ba. So take ta ji har yanzu tana da amfani.

Ban ce ta yi daidai ba. Shiga ɗakin ma'aurata ba sallama abin kunya ne, a zamaninmu ma uwar miji ba ta taka ɗakin suruka sai da dalili, balle matar ɗan fari da ake jin nauyinsa. Amma ki nema mata abin da za ta riƙe wanda ba makullinki ba. Surukata ta saya mini awaki biyu, ta haɗa ni da islamiyyar manyan mata da ke bayan layinmu, ta bar mini dakan yaji da daddawa da kuka, ta ce nawa ya fi daɗi. Da rana takan shigo ta zauna ta tambaye ni labarin garinmu. Da na samu abokiyar hira da rana, ni da kaina nake cewa ɗana ya tashi ya tafi wurin iyalinsa.

Zahra_Katsina:
Inna, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya. Maganarki ta taɓa ni. Sai dai ki duba, duk abin da kika lissafa surukarki ce ta yi. Ina ɗan naki yake a lokacin? Mace mai ciki wata 5 da yara biyu ita za ta lallashi uwa, ita za ta lallashi miji. Ita wa zai lallashe ta?

Sista_Mai_Awo:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren awon ciki, kuma maganar cikin nan ita ta sa na shigo. Ummu Sadik, damuwa da rashin barci ba abin wasa ba ne ga mai juna biyu. Kada ki fasa zuwa awo, a riƙa duba hawan jininki, in kika ga kumburin fuska ko ciwon kai mai tsanani ko ganin dishi-dishi, ki tafi asibiti a ranar. Kuma ki ci ki ƙoshi. In awon da ake miki daga sito ba ya isarki, wannan kaɗai dalili ne da za ki yi magana.

Wankan jego kuma a tattauna shi tun yanzu, kada a bari sai ranar suna. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wanka da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙasa. Kanwa gishiri ne, tana tara ruwa a jiki. Sannan jariri nono zalla ake so ya sha har wata 6, ba ruwa ba jiƙo. Waɗannan su ne wuraren da na fi ganin suruka da uwar miji sun yi karo. Dabarar da ke aiki: ki tafi da Hajiya awo rana ɗaya, a duba nata jinin ita ma, ta ji bayanin daga bakin ma'aikaciya. Abin da ba za ta karɓa daga gare ki ba, za ta karɓa daga mai farin kaya.

Maman_Walida:
Sista, mu dai da wankan nan da kunun kanwar aka yi mana duk haihuwarmu, ga mu garau. Kada a sa yarinya ta ƙi kulawar tsohuwa, wannan ma wata sabuwar rigima ce.

Sista_Mai_Awo:
Ba cewa na yi a ƙi ba, Maman Walida. A yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda jiki zai ɗauka, a gasa nama, a dama kunun gyaɗa, a bar Hajiya ta yi hidimarta. Kanwar ce da tafasasshen ruwan za a rage. Waɗanda abin ya kwantar, mu muke ganinsu a gadon asibiti da kumburarrun ƙafafu suna haki.

Gimbiyar_Arewa:
Ni fa ina ganin ba banza ba. Namiji ya juya wa matarsa baya dare ɗaya? Ki tashi tsaye da neman taimako, wasu tsofaffin ba sa zama haka nan.

Ɗalibin_Zaure:
Gimbiya, don girman Allah a bar wannan. Zato ne ba hujja, kuma shi ke kai mata wurin bokaye su rasa kuɗi su rasa imani. Haka ita ma uwar mijin wasu za su ce mata surukarta ta mallake mata ɗa, sai gida ya zama kowa na tsoron abincin kowa. Ummu Sadik ta riƙe azkar ɗinta da addu'a, ya isa.

Malam Ɗan Kwari, na koma kan maganarka ta cewa mata ana sake wata. An taɓa tambayar Imamu Ahmad game da mutumin da mahaifinsa ya umarce shi ya saki matarsa, ya ce kada ya sake ta. Aka ce ai Umar ya umarci ɗansa Abdullahi ya saki tasa. Ya ce sai in mahaifinka ya zama kamar Umar. Biyayyar iyaye ba ta halatta zaluntar 'yar mutane, Suratun Nisa'i aya ta 19 ta ce a zauna da su da alheri. Ana tambayar namiji duka biyun ranar gobe.

Abu_Fadila:
Ni namiji ne da na zauna a kujerar da mijin nan yake kai, bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. In ka shigo gida uwa ta ce an yi mata kaza, mata ta ce an yi mata kaza, kanka kullewa yake. In ka bai wa matarka gaskiya, sai ka ji kamar ka ci amanar wadda ta haife ka, ga 'yan uwa suna jira su ce ka zama mijin-tace. Sai ka zaɓi shiru, kuma shirun kullum a kan mata yake faɗawa, don ita ce kake ganin ba za ta yi maka baki ba. Kuma kada a manta shi ma uba ya rasa. Mu maza ba ma faɗa, amma zaman da yake yi a ɗakin Hajiya har dare, wataƙila shi ma can yake samun sauƙi.

Abin da ya warware namu, kawuna ne, wan mahaifiyata. Shi kaɗai ne zai iya ce mata "ke wance, ba haka ake yi ba" ta saurara. Ya zo ya kwana, ya ji ta bakin kowa daban. Aka tsayar da cewa cefane da sito na matar gida ne, ita kuma Umma ina ba ta kuɗinta a hannu duk mako ta yi abin da take so, in ci abincin rana da ita, na dare da iyalina. Ƙannena mata aka ce su ma su riƙa ɗaukarta tana yi musu makonni, don ɗawainiyar iyaye ba a kan ɗa namiji kaɗai take ba. Ba a raba gida ba, ba ni da halin hakan. Har yau akan saɓa, amma ba kamar da ba.

Ummu Sadik, in za ki yi masa magana kada ki fara da sunan Hajiya. Ki fara da ku biyu. Ki ce kin yi kewar cin abinci tare da shi. Da ya ji "mahaifiyarka" a farkon zance, kunnensa ya toshe.

Hadiza_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu a gidanmu na gado muke, mu uku matan wa da ƙane, ga uwar mazajenmu a tsakiya. Abin da ya sa muke zaune lafiya, kowace da sashenta da murhunta da ƙofarta, tsohuwa ma da nata ɗakin da ɗan tsakar gidanta. Mai girki ta kai mata kwano, shi ke nan. Iyayenmu da suka gina gidaje haka sun san abin da suke yi. Ginin birni na ɗaki biyu da falo, bayi ɗaya, kicin ɗaya, ba a yi shi don mata biyu manya ba. In hayarku ta kusa ƙarewa, ku nemi gida mai ɗaki a waje ko da unguwar ta fi nisa, kuɗin na iya zuwa ɗaya.

Baban_Gida_Gusau:
Kan maganar yaji nake so in ja kunne. Kada ki fita ba da saninsa ba, musamman da ciki. Yaji yana aiki ne in akwai mai zuwa biko. Namijin da ke ganin an ce ya zaɓa tsakanin uwa da mata, in kika fita kin sauƙaƙa masa zaɓin, kuma dangi za su ce ga shi ta nuna halinta. Hanyar da Allah ya shimfiɗa tana Suratun Nisa'i aya ta 35: mai sulhu daga danginsa, mai sulhu daga danginta. In wannan ya gagara akwai limamin unguwa, akwai masu sulhunta ma'aurata, a Kano ma Hisba kullum cikin irin wannan zaman take. Kotu ita ce ta ƙarshe. Amma ki fara da waliyyinki.

Maman_Walida:
A'a, kada ta kai wa iyayenta tukuna. Ita za ta huce ta manta, su ba za su manta ba. Daga nan gaba ta shiga tsakanin gida biyu.

Zahra_Katsina:
Ɓoyewar nan ita ta kashe nawa auren. Na yi ta rufawa har ranar da takarda ta zo, mahaifina ya ce me ya sa ban faɗa ba tun abin yana ƙarami. Ba sai ta tara gida ba. Mutum ɗaya mai hankali da riƙe sirri, gwaggo ko kawu, ya sani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ummu_Sadik:
Na karanta duka, Allah ya biya kowa. Jiya na bi shawarar Abu Fadila, ban ambaci Hajiya ba, na ce masa ina kewar zamanmu kuma cikin nan yana wahalar da ni. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce shi ma ba ya jin daɗin yadda gidan ya koma, amma ba zai iya buɗe baki ya ce wa Hajiya ta ba da makulli ba, gara a ce ya sayo mini nawa kayan abincin daban in ajiye a ɗaki. Ban amsa ba, don ina ganin in ta gano za ta ji ciwo fiye da a gaya mata gaskiya. Na kawo maganar yayan Hajiya da ke Funtuwa, bai ce e ba bai ce a'a ba. Yaji dai na ajiye shi. Na yi niyyar gaya wa gwaggona ita kaɗai. Inna, na tambayi maƙwabciyarmu, ta ce akwai islamiyyar iyaye mata Asabar da Lahadi, zan gwada yi wa Hajiya tayi. Sista, ranar awo mai zuwa zan ce ta raka ni.

Ɗan_Kwari:
To ai shi ke nan, ya ba ki mafita, ki karɓi naki kayan ki bar wa tsohuwa makullinta. Na yarda shiga ɗaki ba sallama ba daidai ba ne, wannan ya gyara. Amma a kira kawu daga Funtuwa a zaunar da uwa kamar mai laifi, ni ban ga alherinsa ba.

Inna_Tudun_Jukun:
A'a ɗana, ɓoye abinci a ɗaki shi ne mafi muni. Ranar da ta ga buhu a bayan gado za ta ce ana gudunta, kuma ba za ta ce ɗanta ba ne, surukar za ta ɗora wa. Yayanta in mai hankali ne ba zaunar da ita zai yi ba, ziyara zai zo, su yi hirarsu ta 'yan uwa. 'Yata, kafin ki yi mata tayin islamiyya ki fara tambayarta ko tana zuwa wata a Funtuwa, da wa take zuwa. Kuma a samo mata lambar ƙawayenta na can a sa mata a waya.

Abu_Fadila:
Ina tare da Inna kan buhun. Sai dai Ummu Sadik, shi wannan yayan Hajiyar, yaya tsakaninsa da maigidanki? In akwai wata 'yar tsama ta rabon gado tsakaninsu, kada a kira shi, a nemi wani. Ki bincika wannan kafin ki sake tayar da maganar.